KUMBURIN MAI CIKI DA JIJJIGA: ABIN DA KE FARUWA CIKIN HANYOYIN JINI

Daga wani Malamin Dispensari, Gummi

 An rubuta wannan 'yar takarda ne don a karanta ta a zaure, sa'an nan a shiga da ita cikin gida a karanta wa mata. Wanda ya iya karatu ya taimaki wanda bai iya ba. Maganar da ke cikinta ta wani ciwo ce wanda babu ƙauyen da bai taɓa yi wa ɓarna ba, watau jijjigar masu ciki, da hawan jinin da ke kawo ta.

Wata shekara da damina, da asuba, aka kawo mini wata yarinya cikin amalanke, tana da cikin fari wata takwas. Ta taune harshenta, ba ta san wanda ke kanta ba. Mijinta ya ce, "Malam, iska ce ta buge ta tun jiya da la'asar. Mun yi turare, mun ɗura mata jiƙo, abin sai gaba yake yi."

Na dubi ƙafafunta da fuskarta, na juya wajen uwar mijin na ce, "Inna, tun yaushe ta kumbura haka?"

Ta ce, "Ai ya kai wata guda, ɗan nan. Mu mun ɗauka ƙibar ciki ce, har muna yi mata ba'a, wai namiji za ta haifa."

Na ce, "Ta yi kukan ciwon kai?"

Ta ce, "Kwana uku ke nan. Mun sayo mata ƙwaya a kasuwa."

Na ɗaura mata ma'auni, jininta ya hau ƙwarai. Na yi mata allurar farko, muka nemi mota aka wuce da ita babban asibiti. Ita ta rayu, amma abin da ke cikinta bai zo da rai ba. Bayan kwana arba'in mijin ya dawo yi mini godiya. Da zai tashi sai ya ce, "Malam, ashe da ma akwai abin da za a iya gani tun da wuri?" Amsar tambayar nan tasa ce na ke so in ba ku duka.

HANYOYIN JINI

Duk wanda ya taɓa noman rani a fadamar Gulbin Zamfara ya san yadda ake ba lambu ruwa. Akwai inji ko jigo mai ɗago ruwa, akwai babbar hanya, akwai kuma ƙananan hanyoyi masu kai shi kowane fangali. In hanya ta yi faɗi, ruwa ya tafi a hankali, ya ƙosar da albasa. In ta tsuke, ruwa ya taru a baya yana neman fasa bakin hanya, fangalin da ke can ƙarshe kuwa ya bushe.

To, haka jikin mutum yake. Zuciya ita ce inji, jijiyoyin jini su ne hanyoyi. Bambancin kawai, jijiyar jini tana da nama a jikinta, tana iya tsukewa, tana iya saki. In ƙananan jijiyoyi suka tsuke, sai zuciya ta yi ta turi da ƙarfi, ƙarfin nan kuwa shi ma'auninmu ke nunawa, shi ake kira hawan jini.

MASU TSARON ƘOFA BIYU

Me ke gaya wa jijiya ta tsuke ko ta saki? Abubuwa ne da dama, amma cikinsu akwai wasu sinadarai 'yan gida ɗaya waɗanda likitoci ke kira furostagilandin. Jiki yana yinsu daga wani irin mai da ke fatar ƙwayoyin halittarsa. Ba a ajiye su a rumbu. Inda ake bukatarsu nan ake yinsu, su yi aikinsu nan take, su lalace.

Wani masani a ƙasar Suwidin, Ulf von Euler, shi ya raɗa musu suna a 1935. Daga baya aka gane suna da yawa, kowane da aikinsa. Biyu daga cikin danginsu su ne suka shafi maganarmu.

Na farko sunansa turombokzen. Bengt Samuelsson da abokan aikinsa suka gano shi a Suwidin a 1975. Cikin jini akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu toshe rauni, su ne ke yin sa. Aikinsa ya tsuke jijiya, ya kuma tara 'yan ƙwayoyin nan su manne da juna, jini ya daskare. Ba don shi ba, da wanda lauje ya yanka sai ya yi ta zubar da jini. Mu kira shi Mai-tsukewa.

Na biyu sunansa furostasaikilin. John Vane da Salvador Moncada da abokan aikinsu suka gano shi a Ingila a 1976. 'Yar fatar da ta shafe cikin jijiya ita ke yin sa. Aikinsa ya sa jijiya ta saki, ya kuma hana jini daskarewa inda babu rauni. Mu kira shi Mai-buɗewa.

Lafiya tana samuwa ne in biyun nan suka daidaita, kamar mangala a bayan jaki. In gefe ɗaya ya rinjaya, kaya sun zube. Saboda wannan bincike aka ba Samuelsson da Vane da Sune Bergström kyautar Nobel a 1982.

YADDA CIKI MAI LAFIYA YAKE

In mace ta ɗauki ciki, jininta yakan ƙaru da kusan rabin abin da take da shi. Da hanyoyin za su tsaya yadda suke, da jinin kowace mai ciki ya hau. Amma sai jiki ya ƙara yin Mai-buɗewa, jijiyoyi su saki, har ma a tsakiyar ciki awon jinin mace mai lafiya yakan sauka kaɗan.

Wani abin mamaki kuma yana faruwa a mahaifa. Tun cikin watannin farko mabiyiya takan sa saiwa cikin bangon mahaifa, ta shiga ƙananan jijiyoyin uwa da ke wurin, ta cinye namansu, ta mai da su manyan hanyoyi waɗanda ba su iya tsukewa kuma. Kafin ciki ya cika wata biyar an gama wannan aiki. Gab da haihuwa, jinin da ke ratsa mahaifa a kowane minti ɗaya ya kai rabin lita ko fiye, watau cikin ledar ruwan sha guda. Daga nan ɗa ke samun abinci da iska.

INDA ABIN KE LALACEWA

Ga waɗansu mata saiwar nan ba ta shiga da zurfi. Jijiyoyin mahaifa su zauna a tsuke, mabiyiya ta kasa samun jinin da zai ishe ta. Mabiyiya mai yunwa kuwa sai ta riƙa zuba waɗansu abubuwa cikin jinin uwa, su bi jiki duka suna ɓata 'yar fatar nan ta cikin jijiyoyi. Ku tuna ita ce mai yin Mai-buɗewa. Da ta ɓaci sai Mai-buɗewa ya ragu, Mai-tsukewa ya sami fili.

A 1985 wani masani a Amurka, Scott Walsh, ya auna mabiyiyar matan da suka yi wannan ciwo da ta masu lafiya. Ya tarar ta masu ciwon tana yin Mai-tsukewa fiye da ninki uku, Mai-buɗewa kuwa bai kai rabin na masu lafiya ba. Kun ga mangala ta karkace ke nan.

Daga nan sai ɓarna ta bi gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya. Jijiyoyi sun tsuke, jini ya hau. Bangonsu ya fara yoyo, ruwa ya fita cikin tsoka, ga kumburin fuska da hannuwa. Ƙoda, wadda matata ce, ta yage, abincin jiki mai kama da farin ƙwai, wanda ake kira furotin, ya riƙa zuba cikin fitsari. Hanta ta kumbura, mace ta ji ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Ɗan da ke ciki ya rame don hanyar abincinsa ta ƙuntata, wani lokaci ma mabiyiya ta ɓalle tun bai fito ba. In abin ya kai ƙwaƙwalwa sai ciwon kai, da ganin walƙiya, sa'an nan jijjiga.

Ku lura da wannan da kyau. Jijjiga ita ce ƙarshen tafiya. Tushenta yana can tun watannin farko, alamunta kuwa ba su fitowa sai ciki ya wuce wata biyar. Tsakanin fitowar alamu da faɗuwa sau da yawa akwai kwanaki, har makonni. Cikin kwanakin nan ake ceton rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mata 100 masu ciki, tsakanin 2 da 8 suna samun wannan ciwo.

WAƊANDA SUKA FI SHIGA HATSARI

Kowace mai ciki tana iya samunsa, amma waɗannan su ya fi kamawa:

1. Mai cikin fari, tun ba yarinya ƙarama ba.
2. Wadda ta kai shekara 40.
3. Mai cikin tagwaye.
4. Wadda ta taɓa yin hawan jini ko jijjiga a wani ciki.
5. Wadda uwarta ko 'yar'uwarta ta taɓa yi.
6. Mai hawan jini tun kafin ciki, ko ciwon sukari, ko ciwon ƙoda.
7. Mai ƙiba ƙwarai.
8. Wadda ta shekara 10 ba ta haihu ba, sa'an nan ta sami ciki.

Ku dubi ta farko. Mai cikin fari ita ce mai kunya. Ba ta faɗi tana da ciki, ba ta kukan ciwo gaban surukai, in kai ya dame ta sai ta ɗaure shi da ɗankwali ta ci gaba da daka. Kunya ado ce, amma a nan tana kisa. Ke uwar miji, ke za ki tambaye ta, kada ki jira ta faɗa.

MAGANAR DALMA

Akwai wata magana da ta shafi mu mutanen wannan yanki musamman. Ba mu manta da 2010 ba, sa'ad da gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma. An yi wa yara da yawa magani, an kwashe ƙasar gidaje. Amma dalma in ta shiga jiki takan ɓuya cikin ƙashi shekaru masu yawa. In mace ta sami ciki, jiki yakan ɗebo sinadarin kalsiyam daga ƙashinta don gina ƙashin ɗa, dalmar da ke ɓoye kuwa sai ta biyo shi ta komo cikin jini. Likitoci sun tabbatar dalma tana ƙara hatsarin hawan jini ga mai ciki.

'Yan matan da suke ƙanana a shekarar nan, su ne matan aure yau. Duk wadda ta tashi a waɗannan ƙauyuka, ko aka taɓa niƙa dutse a gidansu, ta faɗa wa ma'aikaciyar awo tun zuwan farko. Kada a niƙa dutse ko a shanya shi inda mai ciki take, mai aikin haƙa kuma ya yi wanka ya sake tufafi kafin ya shiga gida.

ALAMUN DA BA A KWANA DA SU

'Yar kumburin ƙafa da yamma, wadda ke saɓewa in an kwana, yawancin masu ciki suna yinta. Waɗannan kuwa daban suke:

1. Kumburin fuska da hannuwa, har zobe ya ƙi fita, ko idanu su yi luhu-luhu da safe.
2. Ciwon kai mai tsanani wanda ba ya jin magani.
3. Gani dishi-dishi, ko ganin taurari da walƙiya.
4. Ciwo a bakin ciki ko ƙarƙashin haƙarƙarin dama, da amai a watannin ƙarshe.
5. Ƙarancin fitsari.
6. Numfashi sama-sama.
7. Ɗa ya rage motsi.
8. Zubar jini, ko ciki ya ɗaure tamau da ciwo.

In an ga ko ɗaya daga cikinsu, ranar nan za a tafi asibiti. Ba a jiran ranar kasuwa, ba a jiran maigida ya dawo daga tafiya.

AWO SHI NE IDONMU

Abin tsoro ga hawan jini, mace tana iya ɗauke da shi ba ta jin komai. Ma'auni kaɗai ke tona shi. Awon lamba biyu ne, ta sama da ta ƙasa. In ta sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, jini ya hau. In ya kai 160 a sama ko 110 a ƙasa, abin ya yi tsanani, sai kwanciya asibiti. Sa'an nan a duba fitsari. Dā sai an dafa shi cikin 'yar kwalba a ga ko zai yi fari. Yanzu ɗan tsinken takarda ake tsomawa, cikin minti guda ya sake launi.

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8, zuwan farko kuwa kafin ciki ya wuce wata uku. Na san da yawa ba su zuwa sai ciki ya fito. Ga dalilin da ya sa muke naci a kan zuwa da wuri.

ƘWAYAR ASFIRIN ƘARAMA

A 1971 John Vane ya gano cewa asfirin, maganin ciwon kan nan da kowa ya sani, yana aiki ne ta hana jiki yin furostagilandin. Mai hankali zai ce, to, ai zai kashe Mai-tsukewa da Mai-buɗewa gaba ɗaya, ina riba? Ga inda hikimar take. 'Yan ƙwayoyin jini masu yin Mai-tsukewa, in asfirin ya taɓa su sau ɗaya, ba su sake yinsa har su mutu, kwanakinsu kuwa 7 zuwa 10 ne. Fatar cikin jijiya mai yin Mai-buɗewa ita tana farfaɗowa cikin 'yan sa'o'i ta ci gaba da aiki. Saboda haka in aka ba da ɗan kaɗan kullum, sai Mai-tsukewa ya ragu ƙwarai, Mai-buɗewa ya tsira, mangala ta daidaita. In aka ba da mai yawa, an danne su duka biyu.

An gwada wannan sau da yawa. A wani babban gwaji da aka bayyana a 2017, a asibitocin Turai da Isra'ila, an raba mata masu hatsari fiye da 1,600 kashi biyu tun ciki yana wata uku. Cikin waɗanda ba su sha asfirin ba, 43 cikin 1,000 ciwon ya kama su har suka haihu kafin lokaci. Cikin waɗanda suka sha, 16 ne cikin 1,000. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2011, ta kuma sabunta ta a 2021, a ba mata masu hatsari miligiram 75 kullum. Wannan kashi ɗaya ne cikin huɗu na ƙwayar ciwon kai mai miligiram 300.

Amma a kiyaye abu uku. Na ɗaya, rigakafi ne, ya fi amfani in an fara tun wajen wata uku, lokacin da mabiyiya ke sa saiwa. In ciwo ya riga ya kama, ba ya warkar da shi. Na biyu, ba kowace mace ake ba ba. Mai gyambon ciki, da mai zubar jini, da wadda jikinta ba ya karɓarsa, ba nasu ba ne. Na uku, ma'aikacin lafiya shi zai rubuta, shi zai faɗi ranar dainawa. Kada wani ya karanta takardar nan ya tafi kemis ya sayo wa matarsa.

Akwai kuma ƙwayar kalsiyam, wadda ake ba masu ciki inda abinci bai wadata da shi ba, ita ma tana rage wannan ciwo. A gida kuwa a ba mai ciki nono, da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, da zogale, da miyar kuka, da riɗi.

ƘWAYOYIN DA ZA A GUJE WA

Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak, waɗanda ake tallarsu a faranti ranar kasuwa, su ma suna hana jiki yin furostagilandin. Ga mai tsohon ciki wannan hatsari ne. Kusa da zuciyar ɗan da ke ciki akwai wata 'yar hanyar jini wadda dole ta zauna a buɗe har ya fito ya shaƙi iska, furostagilandin ne kuwa ke riƙe ta a buɗe. Ƙwayoyin nan suna iya rufe ta tun lokaci bai yi ba, suna kuma taɓa ƙodar ɗa har ruwan da yake kwance ciki ya ragu. In ciki ya kai wata biyar a bar su, sai fa in likita ya rubuta. Farasitamol shi ya fi dacewa. In kuwa ciwon kai ya ƙi jinsa, ma'auni ake nema.

Wadda ke shan maganin hawan jini tun kafin ciki ta kai kwalinsa a gani, don waɗansu, kamar lisinofiril, suna cutar ɗa. Akwai waɗanda ake musanya mata da su, kamar metildofa da nifedifin da labetalol.

IN JIJJIGA TA ZO

1. A kwantar da ita a gefen hagu, a kawar da wuta da kaifi daga kusa.
2. Kada a danne ta, kada a cusa mata cokali ko tsinke a baki.
3. Kada a ɗura mata komai, ko ruwa, ko jiƙo, ko rubutu. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya haɗiya, abin huhu zai tafi.
4. Kada a yi mata hayaƙi, iska take bukata.
5. A nemi abin hawa nan da nan. Masu addu'a su yi ta a kan hanya.

Maganinta wata allura ce, magnisiyam salfet. A 2002 aka bayyana gwajin da aka yi wa mata fiye da 10,000 a ƙasashe 33, aka ga tana rage aukuwar jijjiga da fiye da rabi. A Jihar Kano an shigar da ita manyan asibitoci 10 a 2008. Kafin nan, cikin mata 100 da suka zo da jijjiga wajen 21 ke mutuwa. Bayan an fara ta, ba su kai 3 ba. Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato su ma sun bayyana wata gajeriyar hanyar ba da ita a 2009. Kun ga ke nan ba ciwon da ya gagari magani ba ne.

Allura tana tsai da jijjiga, ƙwaya tana saukar da jini, amma tushen ciwon mabiyiya ce, ba ya tafiya sai ta fita. Don haka in likita ya ce a ta da naƙuda, ko a yi aiki a ciro ɗa tun wata tara bai cika ba, maigida, kada ka tsaya gardama. Sa hannunka da wuri shi ne ran matarka.

BAYAN HAIHUWA

Akwai furostagilandin da aka yi a masana'anta, sunansa misofurostol, mata suna ce masa miso. Yana sa mahaifa ta ɗaure bayan haihuwa, ta matse manyan hanyoyin nan da mabiyiya ta bari a buɗe, jini ya tsaya. Nijeriya ta yi masa rajista don wannan aiki a 2006. Inda babu allurar oksitosin, ana ba mace ƙwaya 3 da zarar ɗa ya fito, bayan an tabbata babu na biyu a ciki. Yakan kawo rawar ɗari da ɗan zazzaɓi, su wuce. Amma ungozomomi, ku ji da kyau: wadda ta ba mace miso a gida tun ɗa yana ciki, wai don naƙuda ta yi sauri, tana iya fasa mata mahaifa. Haka kuma allurar agometirin ba a yi wa mai hawan jini ita, don tsuke jijiyoyi take yi.

Kada a ce an sauka lafiya, shi ke nan. Jijjiga tana zuwa bayan haihuwa, yawanci cikin kwana biyun farko, wani lokaci har cikin makonnin jego. Wadda jininta ya hau da ciki a sake auna ta cikin kwanakin farko, da bayan suna, da kuma arba'in.

Sai maganar wankan jego da kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Davidson da Parry, suka nuna yadda ciwon zuciya ya yawaita ga masu jego da ke shan kanwa da yawa, suna kwana a gadon wuta. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Matar da jijiyoyinta ba su gama saki ba, in aka ƙara mata wannan kaya, zuciyarta ta gaji. A yi mata wanka da ruwa mai ɗumi, a dama mata kunu ba kanwa.

AIKIN MAIGIDA

Maigida, kai ne mai izini, kai ne mai kuɗin mota. Kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki, da dare ba ko'ina ake bi ba, da damina kuma gulbi yakan raba ƙauye da gari. Saboda haka shiri tun da rana ake yinsa:

1. Ka kai ta awo kafin wata uku, ka riƙa tambayarta, "Nawa aka ce jininki yau?"
2. Ka ba da izini tun yanzu, gaban mahaifiyarka da maƙwabcinka, cewa in ciwo ya taso ba ka nan a tafi da ita.
3. Ka ware kuɗin mota tun da kaka, ka riƙe lambar wayar direba biyu.
4. Ka nemi 'yan'uwa biyu da za su ba da jini in an bukata.
5. In an ce tana cikin masu hatsari, kuma ƙauyenku da nisa, ka kai ta gidan dangi a Gummi ko Anka ko Bukkuyum tun wata tara bai kama ba, ta haihu a babban asibiti. In abin ya fi ƙarfinsu, su za su tura ta Gusau ko Sakkwato.

Yarinyar nan da na ba ku labari ta sake samun ciki bayan shekara biyu. Wannan karo uwar mijin ce da kanta ta riƙo hannunta, tun ciki bai cika wata uku ba. Ta ce mini, "Ɗan nan, ga ta, a ɗaura mata abin nan." Likita ya rubuta mata ƙwayar asfirin ƙarama da kalsiyam, ba ta fasa awo ko sau ɗaya ba. A watan ƙarshe jinin ya soma hawa, aka kwantar da ita, aka ta da naƙuda. Ranar suna aka aiko mini da goro.

Duk wanda ya karanta wannan takarda ya dubi gidansa da na maƙwabcinsa. In akwai mai ciki wadda ba a taɓa ɗaura wa ma'auni ba, a kawo ta ranar awo mai zuwa. Allah ya sauki matanmu lafiya, amin.